Akwai Haske, Baba

A layin nan babu mai kiran tsohon da sunan da aka raɗa masa. Bi-a-Sannu ake ce masa, shi ma da sunan yake amsawa. Ya samo shi ne tun yana tuƙa motar gidan waya, zamanin da wasiƙa ke da daraja. Tsawon aikinsa bai taɓa taka ko kaza ba, bai kuma taɓa isa wuri da wuri ba. In abokan aiki suka yi masa tsiya sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Su ƙarasa masa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba, ya ce to, ai dai ya je.

Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota a gwanjo, wadda ta girmi babban ɗansa. Fitilunta zagaye ne, kujerar gabanta doguwa kamar benci, ga ƙarfen gaba mai ƙyalli da yake gogewa da tsohuwar singileti kowace safiya. Marigayiya matarsa ce ta sa mata suna Dattijuwa, wai don ba ta tashi sai an gaishe ta. Masu sha'awar tsofaffin motoci sun sha tsayawa suna ɗaukar ta hoto, wasu har su yi tayi. Ba ya ma bari su ƙarasa magana.

'Ya'yansa maza ba wanda ya gaji son baƙin mai. Da sun ga an ɗaga bonet sai kowa ya tuna yana da aikin makaranta. Auta ce ke tsayawa, ita ke riƙe farantin notuna tun tsayinta bai kai fitilar motar ba. Yanzu furfura ta fara leƙo mata a goshi, amma har gobe Auta ce. Tela ta zama, kuma Baban yakan ce an yi asarar hannun bakanike a kan yadi. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, suka zama su biyu. Daga nan Bi-a-Sannu ya samu sabon aiki: kullum da safe shi ke kai ta shagonta da ke bayan kasuwa. Sai ya goge riga, ya taje gemu, ya zauna a mota yana jiran ta, in ta yi nawa ya danna mata hon sau ɗaya, a hankali, don kada ya tashi jaririn maƙwabta.

Yana da tsarinsa na gyara, kuma ba ya saɓa shi. In zai kwance kafireta, wato tukunyar da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin baranda, ya jera kayan daga hagu zuwa dama yadda suka fito. Abin da ya fi girmamawa a ciki shi ne jet, ɗan guntun tagulla mai huda kamar hancin allura, inda mai ke bi. Dokarsa a kansa ɗaya ce: ba a zura masa waya. Huda in ta faɗaɗa ba ta komawa. Hura shi ake yi da baki, a ɗaga shi sama, a kanne ido ɗaya a leƙa. In an ga haske, hanya a buɗe take. Auta ta ji wannan karatun har ta haddace shi.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganinsa na gefe yana rufewa kamar ana jan labule, tsakiyar ma ta soma yin hazo. Ya ce ya bar tuƙi. A hanyar dawowa Baba ya ce wa Auta likitan yaron kirki ne, sai dai da gani bai taɓa tuƙa abin da ya fi keke ba. Hanyar shago kuwa, ko an ɗaure masa ido zai bi ta.

Kusan haka ake ciki ma. Wata safiya a mararrabar kasuwa wata mata mai goyo ta sako ƙafa za ta tsallaka ta ɓangaren Auta. Madubin gefe ya shafi zanen goyon, hular jaririn ta faɗi a kwalta. Matar ta ja da baya tana salati. Auta ta juya ta dubi Babanta, ta ga hannayensa biyu a kan sitiyari yadda suke kullum, yana ci gaba da ba ta labarin wani birki da ya taɓa gyarawa da igiyar takalmi. Bai ga matar ba, bai ga jaririn ba, bai ma san an yi wani abu ba.

Ta yi ƙoƙarin faɗa masa da yamma, amma ta kewaya da nisa har maganar ta ɓace. Ta ce ko dai ya riƙa hutawa, ita ta hau bas. Ya tambaye ta ko ta gaji da shi ne, yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta ɓoye makulli, ya ciro wani daga gwangwanin ƙusoshi. Ta kira Yaya, babban wansu da ke aiki a wani gari mai nisa, ta zayyana masa komai. Yaya ya ja numfashi irin na manya ya ce ta yi dabara mana, ai ita ce a kusa. Shawara daga nesa ba ta da nauyi, shi ya sa ake saurin ba da ita.

Dabarar da ta zo mata ta tela ce. Wata rana da la'asar Baba ya tafi aski, ta ɗaga bonet, ta kwance murfin kafireta, ta ciro babban jet. Ta zare baƙin zare mai ƙarfi, irin na ɗinkin jaka, ta ƙulla shi, ta ja ƙullin da allura har ya zauna daram a maƙogwaron hudar, sannan ta datse bakinsa da almakashi. Ta mayar da komai, ta goge sawun yatsunta. Aikin ya yi tsaf, kuma wannan tsaf ɗin ne ya fi ba ta kunya daga baya. Da hannun da ya koya mata ta yi shi.

Da safe Dattijuwa ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, injin na juyawa a hankali tana tsaye, ta gangara har bakin ƙofa. Akwai ɗan tudu a wurin da sai an taka totur ake hawa. Baba na takawa ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake mutuwa a wuri ɗaya. Auta ta zaci ransa zai ɓaci. Ina, murna ma ya yi. Ya tafa hannu ya ce yau aiki ya samu, ta hau bas na yau kawai, kafin ta dawo an gama.

Da ta dawo ta tarar da farin ƙyalle a shimfiɗe, kaya a jere, shi kuma yana jiran ta. Ya riga ya hura jet ɗin, ya ji kamar iska na ɗan wucewa, amma ƙirjinsa ba na da ba ne, bai amince da shi ba. Ya ɗaga shi sama ya leƙa, hazo kawai ya gani. Sai ya miƙo mata.

"Ara min idonki, Auta. Akwai haske?"

Ta ɗaga, ta kanne ido ɗaya yadda ya koya mata. Baƙi ƙirin.

"Akwai haske, Baba."

Ya ce madalla, ya ajiye jet ɗin a gefen kayan da ba su da laifi. Tun da hanyar mai a buɗe take, in ji shi, to tsufa ne ya kama kafiretar, sai a bi ta gaɓa gaɓa.

Gaskiya kuwa ta tsufa. Ya kama sandar da ke buɗe bakin iska ya girgiza, ya ji tana lilo a mazauninta, ya ce ga ɓarawon nan, iska na shiga ta inda ba a gayyace ta ba. Ya samo guntun bututun tagulla daga wani tsohon risho, ya yi kwanaki yana goga shi da zarto, yana aunawa da ɗan yatsa, har ya zauna wa sandar cif. Aka haɗa, aka tayar, ta mutu a bakin ƙofa. Ya ce to fakin da ke toshe tsakanin murfi da tukunyar ne ya mutu. Ya ari almakashinta, ya ɗora takarda mai kauri a bakin murfin, ya bi gefen da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa har siffar ta fito, ya yanke. Ta mutu a bakin ƙofa. Ya ciro ɗan tulun da ke iyo a cikin mai, ya kaɗa shi a kunne, ya ji ɗigon fetur a ciki, ya busar da shi a rana ya liƙe da dalma. Duk wannan da lalube yake yin sa, harshe a waje, kuma Auta na gani ta san ko mai ido biyu ba zai fi shi ba. Ta mutu a bakin ƙofa.

Duk kwancewar da zai yi kuma sai ya sake miƙo mata jet ɗin, don tsarinsa ke nan, ba ya tsallake mataki. Ita kuma ta sake ɗagawa ta ce akwai. Na farko ne ya yi mata wuya. Na bayan sun riƙa fita da sauƙi, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

Abin da ba ta yi lissafi da shi ba shi ne ban haƙurin. Kullum da safe zai rako ta bakin ƙofa, tsumma a kafaɗa, ya ce ta yi haƙuri, gobe in Allah ya yarda. Yana jin kunyar 'yarsa na tsayuwa a titi tana jiran bas alhali da mota a gida. Ita kuwa ta ce ba komai, ta yi sauri ta sha kwana kafin fuskarta ta tona ta. A cikin bas sai ta yi ta tuna wa kanta hular jaririn nan a kwalta. Hujja ce mai ƙarfi, ba ta taɓa kasa ta ba, sai dai ba ta rage mata nauyin ban haƙurin nan ba.

Maƙwabcinsu Mai Wanki, abokin tsiyarsa na shekaru, yakan leƙo ta katanga yana shanya ya tambaya ko Dattijuwa ma ta yi ritaya ne. Da fari Baba na ramawa, ya ce ya je ya ji da kwalar rigunan mutane da yake ƙonawa. Daga baya ya daina ramawa. Mai Wanki da kansa ya ga abin ya wuce wasa, ya ce a kira bakanike mana. Baba ya ce motar da ya yi rabin rayuwarsa yana jin numfashinta, in shi bai gane ciwonta ba, wa zai gane.

Wata rana ɗan ƙaramin noti ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin tebur. Auta ta fito daga kicin ta tarar da shi a durƙushe yana shafa siminti da tafin hannu, ga notin nan kusa da gwiwarsa. Ta ɗauka ta ba shi. Bai tashi ba. Ya zauna a ƙasan, ya buɗe hannayensa a kan cinya yana juya su.

"Ido na san ya tafi," ya ce. "Ban yi masa kuka ba, aro ne. Amma hannun nan, Auta, na zaci tare za a binne mu. Ashe shi ma ya riga ni."

Ta ce haba Baba, gajiya ce. Ta koma kicin ta buɗe famfo don kada ya ji ta.

Daga ranar ya daina goge riga. Gemu ya yi buzu-buzu, shayin safe ya riƙa hucewa a gabansa. Bencin da suke zama da tsofaffin layi da yamma ya daina zuwa, wai ba ya son tambaya. A shago Auta ta yanka yadin wata mata ba daidai ba, abin da ba ta yi ba tun tana koyo, kuma in ɗinki ya buƙaci baƙin zare sai ta ture shi zuwa gobe. Ta kira Yaya ta ce Baba fa yana lalacewa. Yaya ya ce tsufa ne, mota dai ba ta fita, ai an huta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, shi kuma daga can bai ga ko ɗaya ba.

Ba ta san Baba ya sa Mai Wanki ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ba sai da ta dawo ta gan shi a tsakar gida. Mutumin ya zagaya Dattijuwa, ya shuri taya, ya ƙwanƙwasa ƙofa don ya ji kaurin ƙarfen. Bai tambayi ko tana tashi ba, nauyinta kawai ya dame shi. Ya ce gobe da safe zai zo da babbar mota a ja ta. Baba ya ce to, a zo. Auta ta ce ai akwai masu sha'awa da suka sha tayi, ya ce ba zai sayar wa mutum da matacciyar mota ba, a je ana cewa Bi-a-Sannu ya cuci wani.

Bayan mutumin ya tafi, rana ta yi sanyi, Baba ya shimfiɗa farin ƙyallen. Ya ce ba gyara zai yi ba, so yake ya wanke ta ya haɗa, kada ta bar gidansa da datti. Ya kwance, ya jera daga hagu zuwa dama. Da ya zo kan jet ya hura, ya ɗaga, sannan ya miƙo mata ba tare da ya juyo ba, don hannu ya saba.

Ta ɗaga shi sama. Ta kanne ido ɗaya.

"Babu haske, Baba."

"Sake dubawa."

"Babu. Tun ranar farko babu."

Ta zare allurar da ke maƙale a bakin mayafinta. Ya ji motsin ya ce kada ta zura masa ƙarfe, ta ce ba za ta taɓa tagullar ba. Ta tsokano bakin zaren, ta ja, ƙullin ya fito. Ta kama hannunsa ta ɗora masa a tafi.

Ya murza shi tsakanin yatsu biyu. Ya bi shi har ya kai ƙullin, ya tsaya a nan. Datti ba ya ƙulla kansa, kuma a gidan mutum ɗaya ce ke yin irin wannan ƙulli. Ta fara ba shi labarin mararrabar kasuwa, da matar, da hular jaririn, maganar na fita a hargitse. Ya saurara har ta gama. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko jaririn ya ji ciwo. Ta ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya sa zaren a aljihu, ya jawo kayan ya fara haɗawa. Ta miƙa hannu za ta riƙe masa faranti, ya janye shi zuwa gabansa.

Da ya gama ya ɗaura kafiretar, ya shiga ya murza makulli. Dattijuwa ta tashi tun kafin ya saki. Auta ba ta taɓa jin ta haka ba, ko a yarintarta. Babu tari, babu rawa, sai wani gurnani mai laushi. Ya taka totur, ta amsa. Ya ƙara takawa, ta ƙara amsawa, har Mai Wanki ya leƙo ta katanga da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Sandar nan da ya goge, da fakin da ya yanka, da tulun da ya liƙe, duk daidai suke tun ranar da ya yi su. Baba ya kwantar da kunne yana saurare, idonsa a rufe.

"Buɗe ƙofa," ya ce.

Ba ta da bakin musu. Ta buɗe. Ya sa giya, motar ta gangara, ta hau tudun nan kamar ba tudu ba. Da hancinta ya leƙa titi sai ya taka birki. Injin na aiki, hannayensa biyu a kan sitiyari, yana duban gabansa. Ya kira ta, ta zo jikin taga.

"Me ke kan hanya?"

Ta faɗa masa. Wani mai keke na tahowa ta hagu, ga mata biyu da bokiti a bakin famfo, ga akuya kwance a gefen kwata. Ya juya kai hagu, ya juya dama, a hankali. Ya ce hasken titin kawai yake gani. Ya ɗan jima a haka, sannan ya sa giyar baya. Bai dubi madubi ba, ya mayar da Dattijuwa mazauninta, tayoyin suka faɗa daidai ramukan da suka yi wa kansu a ƙasa. Ya kashe ta.

"Da kin ce min idona ne ya kusa kashe ɗan mutane, da na yi fushi kwana biyu na haƙura," ya ce. "Sai kika bar ni ina zagin hannuna."

Bai jira amsarta ba. Ya fito, ya laluba ya rufe ƙofar motar, ya ce wa Mai Wanki ya gaya wa mai ƙarafan kada ya wahalar da kansa gobe.

Dattijuwa na nan har yanzu. Kullum da safe Bi-a-Sannu na goge riga, ya taje gemu, ya goge ƙarfen gaba, ya tayar da ita ta yi ɗumi, sannan ya kashe. Ba ta sake wuce bakin ƙofa ba, kuma ba wanda ya ɓoye makulli. Ya koma bencin yamma, ya koma rama tsiya. Da Auta ma ba ya fushi. Yana amsa gaisuwarta, yana cin abincinta, in za ta fita ya ce Allah ya tsare.

Sai dai rannan da aka sauya masa maganin ido, tana zaune kusa da shi tana ɗaurin bakin wata riga, ta ga ya ɗauki kwalbar yana juya ta a hannu, yana neman sanin sau nawa ake ɗigawa. Ta ajiye allura tana jira. Ya tashi, ya bi bango da hannu har katanga, ya ɗaga kwalbar sama.

"Mai Wanki," ya ce, "ara min idonka."